Kiɗan power pop ya shige min rai amma na kasa rubuta ko layi biyar a kansa

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Salamu alaikum ƴan uwa, ina fatan kowa na lahiya, ya zafi. Wata ƴar matsala ce ta kawo ni, ƙila a wurin wasu ba komai ba ce amma ni yau kwana huɗu ke nan ta hana ni sakat. Muna da wani ɗan kulob na rubutu mu ɗalibai a nan jami'ar Damagaram, duk wata ana ba da batu, to wannan karon aka ce kowa ya rubuto shafi biyu ko uku a kan kiɗan da ya fi so, da bakinsa, ban da kwafowa daga intanet. Kowa nan da nan ya ɗauki nasa, wani Shata wani gitar ta Agadas wasu waƙoƙin fim, ni kuwa abin da ke kunnena dare da rana wani kiɗan turawa ne wanda sai daga baya na gano wai power pop ake ce masa.

Yadda na same shi ma abin mamaki ne. Bara da damina telefon ɗina ta faɗa ruwa, na je Kasuwar Dole wurin masu gyara na sayi ta hannu jaka goma sha biyu, da kart memwar a ciki ba a goge ba. Akwai wa'azi akwai waƙoƙin Indiya, sai can ƙasa wani fayil mai waƙa 43, sunaye irin su Big Star, Raspberries, Badfinger, Cheap Trick, Teenage Fanclub, ban taɓa jin ko ɗaya ba. Wani dare aka ɗauke kuran ɗaki ya ƙi zamuwa, na jawo tabarma tsakar gida na kwanta, ekutar ɗina ma kunne ɗaya ya mutu, na danna ta farko. Gitar ta buɗe da ƙarfi kamar an banko ƙofar langa-langa har na kai yatsa zan wuce, sai kawai murya ta shigo a tausashe kamar mai lallashin wanda ya yi fushi, wasu muryoyi biyu suka hau kanta, kafin in gama gane me ke faruwa waƙar ta ƙare, minti uku da ɗan wani abu. Wallahi na yi ta maimaita ta har sharji ya ƙare, ina kwance ina kallon sama.

A fadarmu in na sa musu sai su ce hayaniyar nasara ce kawai in cire in sa musu abin rawa. Ni kuma na san ba hayaniya ba ce amma bakina ya kasa faɗin me ya sa. To don Allah wanda ya sani, mene ne ainihin power pop ɗin nan, me ya raba shi da rok ɗin da kowa ya sani, sannan ta ina mutum ke kama rubutu a kan kiɗan da masu karatunsa ba su taɓa ji ba? Sau shida ina farawa ina yagewa.

Mushe Mai Ritaya, Birni, ya amsa:

Wa'alaikumus salam ɗana. Jikata ce ta nuna min tambayarka ta ce Baba ga irin naka, kuma gaskiya ta yi min daɗi don ban zaci akwai yaro a garin nan da ke sauraren Big Star ba. Ni turanci na koyar shekara talatin da ɗoriya, kuma rabin turancin nan a bakin radiyo na same shi, da dare ana murɗa gajeren zango murya na zuwa tana tafiya.

Sunan kansa daga bakin Pete Townshend ya fito, mai gitar ɗin gurup ɗin The Who na Ingila, a 1967 da ake hira da shi ya ce abin da suke kaɗawa power pop ne. Pop ɗin shi ne waƙa gajera mai daɗin rerawa wadda ke maƙale wa mutum a ka, power ɗin kuma ƙarfin gitar da ganguna. Amma waɗanda sunan ya bi daga baya su ne yaran da suka taso da jin Beatles da Beach Boys da Byrds da Who, suka girma a farkon shekarun 1970 lokacin da Beatles sun watse, manyan masu rok kuma sun koma waƙa ɗaya minti goma ko ashirin, mai gitar shi kaɗai ya yi ta nuna gwaninta. Su kuma yaran nan suka ce a'a mu waƙar minti uku muke so, mai amshi, mai muryoyi a haɗe, sai dai za mu ƙara mata wuta.

Uku daga cikin sunayen da ka lissafa su ne tushen. Badfinger asalinsu daga Swansea ne a Wales, kamfanin faifan Beatles ɗin nan Apple shi ya ɗauke su, har Paul McCartney ya rubuta musu waƙar da ta fara fito da su. Raspberries ƴan Cleveland ne a Amurka, a 1972 suka yi waƙar da ta kai ta biyar a jerin waƙoƙin Amurka, kuma yadda ka kwatanta wadda ka fara ji, buɗewa da ƙarfi sai murya mai taushi, ina kyautata zaton tasu ce. Big Star kuwa daga Memphis, su ne labarinsu ya fi taɓa ni. Faifansu na farko a 1972 suka sa masa suna #1 Record, masu sharhi a jaridu suka yaba ƙwarai, amma aka samu tangarɗa wurin rarraba shi, mutum ya karanta yabo ya je kanti babu faifan. Bai sayu ba, gurup ɗin ya watse bayan ƴan shekaru, Chris Bell ɗaya daga cikin marubutan waƙoƙinsu ya rasu a hatsarin mota a 1978 yana ɗan shekara 27. Sai bayan an yi shekaru wasu yara suka tono faifan suna ba juna hannu da hannu, irin su R.E.M. da Replacements da Teenage Fanclub ɗin nan naka na Sikotlan duk sun faɗa da bakinsu cewa a nan suka sha. Ka ga kai ma ta hannu ya zo maka, a kart ɗin wani da ba ka sani ba.

Yanzu ga abin da zai taimake ka da mutanen fadarku. Sun riga sun san mutanen nan ba su sani ba. Waƙar nan Without You da Mariah Carey ta rera ta fito a 1994, wadda babu butik ɗin kaset da bai sa ta ba, Pete Ham da Tom Evans na Badfinger ne suka rubuta ta, tana faifansu na 1970, Harry Nilsson ya rera ta kafin ita. All by Myself ta Celine Dion ta 1996 kuwa Eric Carmen ne ya yi ta a 1975, shi ne mawaƙin Raspberries, ya rasu a 2024. Waɗannan biyun ba power pop ba ne a karan kansu, masu sanyi ne, amma hannun da ya ƙera su shi ya ƙera waɗancan. Ƴan Badfinger duk da waƙarsu ta zaga duniya rikicin kuɗi da manajansu ya tagayyara su, Pete Ham ya kashe kansa a 1975 bai cika 28 ba, Tom Evans shi ma haka a 1983, abin ba daɗin faɗa.

Batun rubutu kuma, ka riga ka rubuta ai. Koma ka karanta abin da ka faɗa mana na tabarma da kunne ɗaya da ya mutu. Da ɗalibina ne ya kawo min wannan da na ce masa ci gaba daga nan. Tarihin da na ba ka kar ka zuba shi duka, ɗauki biyu ko uku inda labarinka ya nema.

Maman Biyu mai ɗinki, Zango, ta amsa:

Kai Baba Mushe yau kun ba ni mamaki wallahi, ashe waƙar Mariah ɗin nan maza ne suka yi ta tun ba a haife ni ba. Ni lokacin ina koyon ɗinki wurin wata yayarmu, shekarata sha shida, akwai ƴar rikoda ja a kan taga mai cin pil shida, kaset ɗin Celine da na Mariah har sun gaji zaren na kamawa sai mu zaro mu naɗe da bik. Ba mu jin ko kalma ɗaya amma in aka zo wurin da take ɗaga murya duk sai ƙafa ta tsaya a kan keke, mu huɗu a shago mu kama da namu turancin da ba shi da kai. Da na ga maganarku na sa ɗana ya nemo min ta asalin na saurara. Gaskiya ta Mariah ta fi shiga raina don da ita na girma, amma ta mazan nan akwai wani abu, muryar ba ta da ado ko kaɗan, kamar mutum ne zaune a ƙofar gida yana faɗa maka damuwarsa.

Ƙanena ɗan Garin Malam, ni ban yi karatu mai nisa ba amma ga abin da na gani. Kar ka tsaya gardama da ƴan fadarku a kan sunan kiɗa. Mu Hausawa amshi muka sani, waƙar da ba ta da wurin da jama'a za su kama ba ta daɗewa a bakinmu, ko a biki ko a daka. In naka kiɗan yana da amshi mai kama baki to ka faɗa musu haka, ka rubuta mana wurin da kai bakinka ke kamawa ba ka shirya ba, da abin da kake yi a lokacin, ko kana wanki ne ko kana kan kabu-kabu.

Mai Gitar na Sabon Gari ya amsa:

Yaya Maman Biyu kin taɓo wurin. Ni ina kaɗa gitar a bukukuwa kuma ina gyaran ampili, bari in faɗi abin da kunnena ke ji, don abin da ya sa ƴan fada ke cewa hayaniya shi ne ba su san inda za su sa kunne ba.

Mu gitar ɗin da muka saba da ita ta arewa, irin ta su Bombino da Mdou Moctar, tafiya take yi kamar raƙumi, za ka iya zama kan kwar ɗaya ko biyu, wato haɗin tsirkiyoyin da ake dannawa a kaɗa tare, minti bakwai ana zagayawa ana ƙara zafi sannu sannu har jiki ya ɗauka, daɗinta a maimaicin yake. Power pop ba haka aka gina shi ba, shi kamar ɗinki ne da aka yanka aka auna. Baiti gajere, sai ƴar matakala da ke ɗaga ka, sai amshi ya fashe, a koma baiti na biyu, amshi kuma, sai wani ɗan wuri a tsakiya da ake sauya hanya na daƙiƙa ashirin don kar kunne ya gaji, amshi na ƙarshe, shi ke nan an tashi. Mai gitar in an ba shi fili ma ɗan kaɗan ne, yawanci karin waƙar zai maimaita ya koma layi. Wanda ya saba da doguwar tafiya sai ya ga kamar an katse masa hanzari.

Sai ƙarar nan mai walƙiya kamar ana kaɗa ƙananan ƙararrawa, wannan yawanci gitar mai tsirkiya goma sha biyu ce, tsirkiyoyin biyu biyu suke, huɗu daga cikin shidan an haɗa kowace da siririya mai sauti sama da ita, to in ka kaɗa sau ɗaya sai ka ji kamar mutum biyu ne. Ta kamfanin Rickenbacker ce ta yi suna a wannan, George Harrison na Beatles ya riƙe ta a 1964, Roger McGuinn na Byrds ya gani ya ɗauka. Ni sau ɗaya na taɓa riƙe mai sha biyu, wani baƙo ya kawo min gyara, kwana biyu ta yi a shagona kuma saita ta kaɗai ya ci min rabin yini amma da na kaɗa kwar ɗin re sai da yaron shagona ya ajiye abin da ke hannunsa ya juyo. Muryoyin kuma ba irin amshinmu ba ne da mai waƙa zai faɗa ƴan amshi su karɓa duk da murya ɗaya, su a tare suke yi kowa da matakinsa, ɗaya a tsakiya ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ya sa ɗan Garin Malam ya ji kamar sun hau kan juna. Ka ƙara tafi da hannu da kacau-kacau, ka gama.

Baba Mushe ku yi haƙuri amma kun tsaya a masu baƙin ciki kun bar masu sa'a. Cheap Trick ƴan Rockford ne a jihar Illinois, a gida ba su yi wani ƙarfi ba sai ga shi a Japan ana rububinsu, suka yi wasa a zauren Budokan na Tokyo a 1978 aka naɗa, wannan faifan ne ya dawo ya ɗaga su a Amurka, in ka saurara ihun ƴan kallo har yana neman danne kiɗan. A 1979 wata waƙar gurup ɗin The Knack ta yi sati shida a saman jerin waƙoƙin Amurka. Abin ya lafa, ya sake tasowa wajen 1991 da su Matthew Sweet da Teenage Fanclub, sai Weezer a 1994, sai Fountains of Wayne waɗanda ɗaya daga cikin marubutansu Adam Schlesinger korona ta yi ajalinsa a 2020. Ɗan Garin Malam in kana so ka biyo shago da yamma bayan la'asar da kart ɗin, mu cire kwar ɗin waƙar taka a gitar, za ka ga ba su fi huɗu ko biyar ba.

Abban Sadiya ya amsa:

Ni dai ban ƙi ba amma ina da magana biyu. Ta farko, muna da Shata muna da Ɗan Maraya muna da makaɗan fadar Sarkin Damagaram da kakaki da algaita waɗanda yaranmu ba su san komai a kansu ba, ga dama ta samu ta rubutu sai a tafi Memphis. Wa zai rubuta namu in ba ku ba? Ta biyu kuma ita ta fi damuna, na ɗan ji turanci kuma na san wasu daga cikin waƙoƙin nan da suka fi suna, har da ta The Knack ɗin nan da aka ambata, maganar da ke ciki ba wadda za ka fassara gaban mahaifiyarka ba ce, daɗin karin ne ke rufe ta. Ƙanena ka nemi ma'anar abin da kake rerawa kafin ka tsaya gaban mutane kana yabonsa.

Mushe Mai Ritaya ya sake amsawa:

Abban Sadiya maganarka ta biyu gaskiya ce ban musa ba, akwai waɗanda ni ma ba na sawa a gidana, kuma yaron ya kamata ya faɗi haka a rubutunsa in ya ci karo da su. Amma mafi yawansu maganar saurayi ce da ke son yarinya yana jin kunyar faɗa, ko wanda aka bari yana ƙoƙarin daurewa, kiɗan na murna kalmomin na kewa, wannan haɗin ne ma ya riƙe ni shekara da shekaru. Ta farkon kuwa, an ce masa ne ya rubuta wanda ya fi so, in ya rubuta Shata alhali ba shi ke kunnensa ba ƙarya zai yi mana kuma za a ji a rubutun. Bar shi ya koyi sa kunne a kan wannan, watan gaba ni da kaina zan raka shi ƙofar fada ranar Juma'a ya ji algaita ya rubuta.

Ɗan Garin Malam ya dawo:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Kawu Abban Sadiya na bi shawararku na zauna da ƙamus daren jiya, cikin 43 ɗin na cire huɗu, kuma Baba Mushe ya canka daidai, wadda na fara ji ta Raspberries ce, ita ma da na gane maganarta sai da na ji nauyi, zan faɗi haka a rubutun kamar yadda kuka ce ba zan ɓoye ba. Wadda na fi so yanzu ta Big Star ce mai sanyi, yaro ne kawai ke roƙon ya raka yarinya gida daga lakwal.

Na je wurin Mai Gitar jiya bayan la'asar, ya sa ni na riƙe gitar karon farko a rayuwata, yatsuna har yanzu zafi suke. Muna cikin yi wani abokina na fada ya biyo karɓar radiyon babansa, ɗaya daga cikin masu cewa hayaniya, ya tsaya a bakin ƙofa bai ce komai ba, da muka zo amshi karo na uku na ji yana binmu da hanci. Na sa wannan ma a ciki.

Na kai shafi biyu da rabi yanzu, da tabarma na fara kamar yadda Baba Mushe ya ce, kuma Yaya Maman Biyu in kin yarda ina so in sa labarin rikodarku ja da bik ɗin, ba zan faɗi suna ba. Abu ɗaya ya rage da na kasa yanke shawara, mai kart ɗin nan da ya tara waƙa 43 ya jera su da hannunsa, a garin nan yake ko baƙo ne ya wuce, na koma wurin mai gyaran da ya sayar min ya ce shi ma a hannun wani ya saya. Ranar Asabar za mu karanta a kulob da ƙarfe huɗu, Baba in ƙafarku ta yarda zan zo da moto in ɗauke ku.